Halidu, Mai Riga Kowa Gaisuwa

Bangon da ya raba ɗakin Bibata da na ɗanta na laka ne, kuma tun damanar bara ya tsage daga sama, don haka ko ba ta kasa kunne ba magana takan iske ta a kan tabarmarta. Yau kwana talatin da bakwai da rasuwar mijinta Halidu, tana zaman takaba. A ɗaya ɗakin ƴaƴanta ne biyu, Kadija babba da Yazidu auta, suna tsara sanarwar da za a kai gidan rediyo saboda sadakar arba'in.

"Rubuta tsohon shofer na kamyo, direban babbar motar kaya," in ji Yazidu. "Shekara goma sha tara tsakanin Paraku da Yamai. Wannan shi ne aiki."

Kadija ta ce, "Wa ya san shi da haka yanzu? In ka ce shofer, sai a ɗauka wani Halidun ne. Mai ɗaurin kaya na tashar Gaya, shi kowa ya sani."

"Haba Yaya, ɗaurin kaya abin faɗi ne a rediyo? Abokan aikina duk za su ji."

"Su ji mana. Da igiyar aka ciyar da kai har ka yi wannan wuyan."

"An ciyar da ni tuwon dawa, ƴaƴan abokansa suna gidan siminti. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa ya ajiye mota ya ɗauki igiya, ki ce in yi alfahari?"

"Saboda Allah ya bari. Shi da bakinsa ya ce hanya ta cika haram."

"Tsoro ya ji. Ki faɗi gaskiya, nan ba rediyo ba ce."

Bibata ta gyara mayafinta. Dukansu biyu ba su faɗi daidai ba, kuma duk faɗin Gaya ita kaɗai ta rage da ta san dalili. Halidu ya bar tuƙi ne don idanunsa sun fara mutuwa. Shekara ashirin da shida ya ɓoye wannan, ita kuma ta taya shi ɓoyewa. Da wannan kaɗai ne, da ta bar su su yi ta gardama har su gaji. Amma a cikin kwanakin nan ta fara ganin abin nan a jikin Yazidu, shi kuwa mota yake ja cike da mutane.

An haifi Halidu a wani ƙauye kusa da garin Bana, gidan manoma gero. Ya sauko Gaya yana saurayi, ya fara da wankin manyan motoci a bakin kogi, a hankali har ya samu permi, wato lasin tuƙi. A zamaninsa kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Paraku su ne ake kwasowa a ƙetaro gadar kan iyaka da su, kuma a cikin masu kwasowar an san shi da cewa ko kaza bai taɓa takewa ba. Ba mai surutu ba ne, amma yana da ƴar taƙama irin ta wanda ya san ya iya. In ya dawo yakan danna odar mota sau biyu tun daga kwanar unguwa, don Bibata ta ji, don maƙwabta ma su ji. Ya kawo doya, ya kawo garin rogo, wani lokaci abarba har ta fi ƙarfin gida a raba wa unguwa. Sati uku yana hanya, kwana huɗu yana gida. A haka ta haifi Kadija, ta binne biyu, ta haifi Yazidu, yawanci ba ya nan.

Yana gab da shekara arba'in dundumi ya same shi. Da rana lafiya lau, amma da rana ta yi ja sai duniya ta fara rufe masa daga gefe. Ya ce gajiya ce. Ya ci hantar akuya, ya sa kwalli, ya canza fitilun mota. Wata magariba, bayan garin Kandi, ya ji ihu ya taka birki, sai ga mata huɗu da itace a ka suna tsaye dab da hancin motar. Bai gan su ba sam, kunnensa ne ya cece su. Likitan ido a Paraku ya gaya masa ciwon ba na warkewa ba ne, zai yi ta matsewa har ya koma kamar mai leƙe ta cikin kara, kuma yakan bi jini. Da ya dawo daga wannan tafiya bai ƙara hawa mota ba sai a matsayin fasinja.

Ga mutane ya ce ya gaji da cin hanci da kwanan tasha, yana son ya gyara tsakaninsa da Ubangiji. Aka yaba, wasu suka yi dariya a bayansa. Gara masa a ce ya zama ustazu, ko ma a ce ya tsorata, da a ce Halidu da ke hango rami tun daga nesa yau ba ya ganin gefen hanya.

Sai ya koma tasha ya kama ɗaurin kaya, aikin da hannu ya fi ido amfani a cikinsa. Shekarun da ya yi yana jin yadda kaya ke motsi a bayansa sun koya masa inda buhun albasa zai zame da inda jarka za ta goge igiya ta tsinka ta. Yakan bi lodin da tafin hannu kamar mai duba dabba a kasuwa, ya ce a sauke wannan, a juya wancan. In ya gama ɗauri sai ya ja igiyar da ɗan yatsa ya sake, ya saurari ƙararta. In ba ta yi masa ba, a kwance a sake, ko da mai mota na zage-zage. Ƙullinsa ja ɗaya ake yi ya warware, amma ba ya sassautawa da kansa ko an kai Yamai an wuce. Har ta kai akwai masu motar da za su bar layinsu ya wuce don su jira Halidu.

Abin da ya fi yin suna da shi kuwa gaisuwa ne. Kowa ya san ƙarami ke fara gaida babba, kuma dattijo yakan jira. Halidu ba ya jira. Da ya ji takun ƙafa ta gefensa sai ya ce, "Sannunmu dai, an wuni lafiya?" ko da yarinya ce mai tallan ƙosai. Da mutum ya amsa, ya gane muryar, sai ya kira sunansa, ya tambayi uwarsa da ciwon ƙafarta. Ranar jana'iza liman ya tsaya a kan wannan, ya ce bai taɓa ganin mai ƙanƙan da kai irinsa ba. Mata suka kawo wa Bibata maganar a ɗaki, ta ce Allah ya sa haka ne. Ta san gaisuwar dabara ce ta gane wanda ke tafe. Haka zamansa a masallaci daga magariba har isha: yakan tafi da sauran haske, ya dawo yana shafa bangon gidaje uku da carbi a hannu. Ta sha tambayar kanta ko duk ƙarya ce. Amma ta ga ranar da ya yi hawaye don wani ɗan dako da ya saba gaisarwa ya faɗa kogi, kuma ta san a shekarunsa na ƙarshe ko da idon ya dawo ba zai bar sahun nan ba. Ya fara ne don ya ɓoye, ya ƙare yana son mutanen da gaske.

Nata aikin a cikin gida yake. Turmi, randa, kujerar tsakar gida, ba ta yarda a gusar da ko ɗaya, ƴaƴan suka tashi suna cewa Inna ta cika fitina. In baƙo ya yi sallama sai ta ɗaga murya: "A'a, Sumana, kai ne da sabuwar hula?" Halidu ya fito yana yaba hular. Akwai kuma abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko shi. Ranar da ya bar tuƙi, a ƙarƙashin tausayin da ta ji akwai daɗi. Ta samu miji mai kwana a gida, wanda ba ya iya rabuwa da ita, da wani abu da su biyu kaɗai suka sani. Ta riƙe sirrin don mutuncinsa, haka ne, amma ta riƙe shi don nata ne. Shi ya sa ko da likita ya ce abin yakan bi jini, ta ajiye maganar can inda ba za ta riƙa tuntuɓe da ita ba.

Sai ga shi shekaranjiya, da magariba, Yazidu ya shigo gaishe ta ya yi ƙwallo da butar da ke gefen ƙofa, ya ce wa ya ajiye ta a hanya, alhali nan take tun yana rarrafe. Jiya kuma ta ji shi a tsakar gida yana cewa "An wuni lafiya?" da muryar gaida manya, wadda ta amsa kuwa ƴar Kadija ce mai shekara bakwai. Tun da aka rufe gadar kan iyaka fasinjojin da ke ƙetarowa a jirgin ruwa ba sa cika mota sai la'asar, duhu yakan same shi tun bai kai Dosso ba, da mutum goma sha tara a bayansa. Kuma ya ce washegarin sadaka zai koma hanya.

Ta ƙwanƙwasa bangon da gindin ludayi. Gardamar ta tsaya.

"Ku zo nan, ku biyun."

Suka shigo suka zauna a bakin tabarma, Kadija da takarda a hannu. La'asar ta yi sanyi, hasken ɗakin na ƙofa ne kawai.

"Inna, kin ji mu ke nan," in ji Kadija.

"Har awakin maƙwabcinmu Sumana sun ji ku." Ta dubi ɗanta. "Auta, dube ni nan. Kada ka juya kai. Me yayarka ke riƙe da shi a hannun hagu?"

Ya yi ƴar dariya. "Wasan me ke nan, Inna?"

"Faɗa mini."

"Takarda."

"Takardar tana dama. Ta ɗaga maka yatsu tun ɗazu, ni na yi mata alama. Nawa ne?"

Ya juya kai gaba ɗaya kafin ya gani. Kadija ta sauke hannun a hankali, tana duban uwarta.

Nan Bibata ta ba su labarin, tun daga matan Kandi har bangon gidaje uku. Ba ta ƙara masa ba, ba ta rage ba. Ta faɗi abin da likita ya ce game da jini, ta kuma ce laifin shirun nata ne, don Halidu ya taɓa cewa a gaya wa yaron ranar da ya samu permi, ita ta ce a bari tukuna.

Kadija ce ta fara magana, muryarta a ƙasa. "Ashe duk gaisuwar nan..."

"Ya gaishe su ko bai gaishe su ba?"

"Ya gaishe su."

"To ki bar masa abinsa."

Yazidu yana ta murza bakin tabarma. "Ni gajiya ce kawai. Hanyar nan ta lalace, fitilun motar kuma..."

"Ubanka ma ya canza fitilu, har sau biyu."

A waje wata mata na kiran kifi banda, ta wuce.

"Tun bara ne," ya ce daga baya. "In duhu ya yi sai in samu wata mota in bi jan fitilarta. In ta tsaya, in tsaya kamar zan duba taya." Ya share fuska da hannu. "Ban gaya wa ko matata ba."

"Bayan sadaka ka tafi Yamai a duba ka," in ji Kadija. "A kujerar fasinja. In ka ƙi, ni zan je tasha in faɗa da bakina."

"Kin iya, ai na san ki." Bai ɗago ba. "To in na ajiye, in zama me? Ni ko ƙullin igiya ban tsaya na koya ba. Ina ganinsa a tasha sai in bi ta bayan motoci, kada a ce ga uban Yazidu."

"Ya sani," in ji Bibata. "Yana gane takunka. Kai kaɗai ne ba ya riga gaisuwa, don kada ya kunyata ka."

Kadija ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin cinyarta. Ba wanda ya ƙara tada maganar rediyo. Yazidu ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya tambaya yadda uban ya iya, mutum da mota a hannu da suna a gari, ya sauka haka rana ɗaya.

Bibata ta ce ita ma ta yi wa Halidu wannan tambayar. Ranar da ya ajiye mota ya zo da hantsi, a ƙasa, ba oda, da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofar nan bai shigo ba, ya gaya mata abin da likita ya ce. Ita kuwa, da Yazidu goye a bayanta, ta ce ai ba wanda ya sani, ya riƙa tafiyar rana kawai ko shekara biyu ce, har yara su tasa.

"Sai ya ce mini, 'Bibata, wadda ke tafe a gefen hanya da itace a ka, ba ta matsawa sosai, don ta ɗauka ina ganinta. Ita ba ta sani ba. Ni na sani. Karɓi jakar nan, ki ba ni ruwa.'"