Garken da Gwaggo ta Liƙa da Ƙaro

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen ƙaro, sai in gan ni a ɗakin gwaggona a Ƙofar Wambai, ina 'yar shekara tara. Yayar mahaifina ce. A ruga ta yi aure, can wajen Miri. Wata shekara cuta ta shiga garkensu ta share shi, mijinta kuma bai daɗe ba ya rasu. Ta dawo gidanmu da ƙorai huɗu da tabarma, ba ta cika magana ba.

Mahaifina yadi da kayan gwangwani yake sayarwa. Ka san a zamanin kowane bandir na yadi da takardarsa mai zane yake zuwa: giwa, jirgin ƙasa, bishiyar dabino. Ga takardun gwangwanin madara masu hoton saniya, ga tsofaffin jaridun naɗe sabulu. Mu a wurinmu shara ne. Gwaggo kuwa tsince su take yi. Ta samu murfin wani tsohon akwatin katako, kullum da hantsi ta zauna da reza tana yanka, tana liƙawa.

Shanun gwangwanin nan na Turai ne, ba tozo, ba ƙahon kirki. Sai ta yanko hauren giwa ta yi musu ƙaho, tozo kuma ta fitar da shi daga farin rawanin wani mutum a jarida. Sannu a hankali garke ya bayyana, da rafi, da bukkoki.

Wata bakwai tana wannan aiki. Da damina ta yi nisa, aka wuni ana ruwa muna gidan suna, ɗakinta ya yi yoyo daidai kan katakon. Muka tarar takardun sun saɓule, launi ya cakuɗe.

Mahaifina ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ki haƙura da wasan yaran nan. Mutane har sun fara magana."

Ta ce, "Su yi. Sau biyu ke nan shanuna suna mutuwa. Ka ci gaba da kawo mini takardun."

Ta kankare katakon, ta shanya, ta sake farawa. Ta gama a shekarar da aka samu mulkin kai, daidai lokacin da ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu ya shirya nunin sana'ar hannu. Ta naɗe katakon da zane, ta ɗora a ka, na bi ta.

Malamar ajin ta duba ta ce, "Inna, huluna da tabarmi da faya-fayi muke karɓa. Wannan ban san inda zan sa shi ba."

Gwaggo ta sake ɗaukar katakon. Ta fito waje, ta jingina shi da katanga ƙarƙashin wata tsamiya, ta zauna a gefensa cikin zafin nan. Masu shiga suna leƙawa, wasu suna dariya. Can wajen azahar wata mai tallan nono ta tsaya. Ta sauke ƙwaryarta, ta durƙusa, ta fara kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, kowace da sunan launinta. Gwaggo tana amsa mata. Sai matar ta nuna wata ja ta ce, "Wannan kam ta kusa haihuwa."

Gwaggo ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Kafin la'asar mutanen da ke gindin tsamiyar sun fi na cikin aji.

Bana jikata ta nuna mini a waya yadda masu zane na yanzu suke farautar tsofaffin takardu, su yanka su liƙa, a rataye a manyan ɗakunan nuni, jama'a na layi. Ta ce, "Kaka, kin taɓa ganin irin wannan?"

Gara ta cinye katakon tun kafin a haifi uwarta. Babu hotonsa, babu na gwaggo. Na ce ta ajiye wayar ta ɗauko biro, ta rubuta abin da zan faɗa, kada ta tsallake ko saniya ɗaya.