Babanmu Koci da Tatsuniyar Mai Fito

Idan an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, sanyi ya fara sauka, a ƙofar ɗakin Iya muke ƙarasa yininmu. Iya ita ce ta haifi babanmu. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Kiyawa, kuma a lokacin babu lantarki. Da an idar da sallar isha'i za ta sa a kwaso mata karan dawa da 'yan kirare, ta hura wuta a wani tsohon kasko, ta tura dankali cikin toka. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa ya ja mayafi ya rufe ƙafa. Ni ce mai zama a jikinta, don sunanta aka sa mini. Ita tana ce mini takwara, Baba kuwa, saboda kunyar sunan mahaifiyarsa, Ummi yake kirana.

Daga wajen Haɗeja aka auro Iya, gidan masunta, shi ya sa tatsuniyoyinta duk ruwa ne da kwalekwale da kada. Mu da ba mu taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba, sai mu saki baki. Tana da yadda take farawa. Za ta gyara zama ta ce, "To, ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu haɗa baki mu ce, "A shigo da ita!"

A irin wannan lokaci Baba yana can gefe, a bakin zaure, da fitilar ƙwai a gabansa, yana ɗinke ƙwallayen da suka fashe. Sunansa Malam Idi, amma daga Kiyawa har Dutse Koci ake ce masa. Da aka ba mu jiha, Dutse ta zama babban birni, wata kwaleji ta ɗauke shi ya koyar da motsa jiki, aka kuma damƙa masa ƙungiyar ƙwallon maza. Ƙungiyar ma suna ne kawai. Filin da aka nuna masa wani fako ne mai tsakuwa a gindin duwatsu. Shi da ɗalibansa suka riƙa kwashe tsakuwar da kwando, suka sare itacen darbejiya suka kafa raga. Yaran 'ya'yan manoma ne daga Miga da Jahun da ƙauyukanmu, da yawansu ba su taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Da farko duk inda suka je sai an lallasa su, 'yan birni suna yi musu ihu suna cewa su koma gona.

Baba bai iya fushi da baki ba, sai da aiki. Kullum da asuba zai tada babur ya tafi Dutse, ya kora yaran su hau dutse su sauko kafin a shiga aji. Ya koya musu ba da ƙwallo a ƙasa, tunda ba su da tsayin da za su yi gasa a sama. Ba a ɗauki shekaru da yawa ba suka ci kofin kwalejojin jiha, suka sake ci, har ya zama idan an ji da su za a kara, tun daga mota gaban mutane yake faɗuwa. Wata shekara, a gasar da ta haɗa da maƙwabtan jihohi, suka doke wata babbar kwaleji ta Kano a wasan ƙarshe, aka faɗi sunan Baba a rediyo. Ranar a kan babur ya ɗauro kofin ya kawo wa Iya ta gani. Ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta ce, "Duk wannan gudun a kan wannan ne? Ko fura ba za a dama a ciki ba." Amma da maƙwabta suka shigo, ita ce ta hana kowa taɓa shi da hannun miya.

Yaransa suka riƙa ficewa. Wannan ya tafi babban kulob a Kano, wancan Ikko, har akwai wanda ya ƙetare teku. Kyaftin ɗinsa, wani dogon yaro ɗan Miga mai suna Nafi'u, shi ma Kano ta ɗauke shi. Baba ne kawai ba ya zuwa ko'ina. Kuma ba don ba a nema ba.

Dalilin yana wurin Iya. Ɗanta na fari, yayan Baba, ya tafi Ikko neman aiki tun kafin a haife ni, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko rai ko mutuwa. Iya ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan yaron". Da kakanmu ya rasu, ta kira Baba ta ce masa ya je duk inda wasa ya kai shi ya dawo, amma ya tare a wani gari da sunan zama alhali tana numfashi, ba ta yafe ba. Baba ya ce ya ji. Shi ke nan maganar, kuma kowa a gidan ya san da ita.

A cikin tatsuniyoyin Iya akwai ta wani mai fito, wato mai ƙetarar da mutane kogi a kwalekwale. Shi wannan mai fito yana zaune da tsohuwarsa a wata bukka a bakin ruwa. Wata rana aljanar kogin ta fito ta ce za ta ba shi gwanintar da ba a taɓa gani ba: kome cikar ruwa, kome iska, jirginsa ba zai kife ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasar wancan hayi. Ranar da ya taka, wutar murhun uwarsa za ta mutu, kuma ba za ta sake kamawa ba. Ya yarda. Sai ya shahara. Ya ƙetarar da fatake da malamai da amare, duk wanda ya sauka ya sa masa albarka ya wuce. Daga cikin jirgi yana hango kasuwar wancan hayi, yana jin kiɗansu, har ƙamshin abincinsu yana iso shi, sai ya juya akalar jirgi ya dawo. Rannan sarkin can ya zo da kansa bakin ruwa ya ce, "Sauko, na ba ka duk jiragen ƙasata ka shugabanta." Mai fito ya miƙe, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

A nan Iya take tsayawa. Wani lokaci ta ce dankali ya nuna, wani lokaci ta ce barci take ji. Mu yi ta magiya, ta ce baƙuwar ta gaji, a bar ta ta kwanta.

Akwai wani yammaci da ba na mantawa. Da la'asar wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, wani Alhaji daga Kano ya fito, Nafi'u na biye da shi. Sun zo ne su ce wa Baba babban kulob ɗinsu yana son ya zama kocinsu, da gida da mota. Ni na kai musu ruwa, na ga yadda idon Baba ya yi haske, sannan na ga ya sunkuyar da kai. Ya shiga wurin Iya, bai daɗe ba ya fito. Ya raka su mota yana ba su haƙuri.

Da aka hura wuta, ƙanena ya roƙi tatsuniyar mai fito, don bai san abin da ya faru ba. Iya ta gyara zama ta fara. Da ta zo inda ya ɗaga ƙafa, ta kai hannu za ta tono dankali, sai muka ji muryar Baba daga bakin zaure. Bai taɓa sa baki a tatsuniya ba.

"Inna, ya taka ko bai taka ba?"

Iya ba ta waiwaya ba.

"Bai taka ba," in ji ta. "Ɗan halak ne."

"To, Allah ya ba shi lada," in ji Baba. Ya ja allurarsa ya ci gaba da ɗinki.

Iya ta tono dankalin ta raba mana. Da sauran suka watse na tsaya taya ta kashe wuta. Na ce, "Iya, ita tsohuwar ba ta jin tausayinsa?"

Ta daɗe tana tura toka da kara. Ta ce, "Tana ji, takwara. Ai ita ma ba ta da sukuni. Tsoro ne ya riƙe ta, ita kuma ta riƙe shi. Da za ta iya saki, da ta saki."

Shekaru suka ja. Da shari'a ta zo, Baba ya yi murna kamar kowa. Ya kai wa tela wandunan yaransa aka ƙara musu tsawo har suka rufe gwiwa, ya dawo da atisaye baya don a tashi kafin magariba, ya hana kiɗa a bakin fili. Duk da haka wasu iyaye suka janye 'ya'yansu, suka ce ƙwallo shiririta ce. Wani dattijo ya tare shi a masallaci ya ce, "Malam Idi, mutum kamarka, da furfura, kana bin yara da usur?" Baba ya yi murmushi ya wuce. Kwalejin ma hankalinta ya koma wani wuri, aka yanki gefen filin da ya share da hannunsa aka kafa gini. Da 'yan yaran da suka rage ya sake cin kofin jiha sau ɗaya, wanda shi da kansa ya ce ya fi duk na baya daɗi. Amma a wannan karon babu wanda ya zo daga Kano. Gwiwarsa ta fara ciwo, yana tsaye a bakin fili yana dogara sanda. Ya kan dawo gida ya zauna da rediyo a kunne yana jin sunayen yaran da ya koya wa ɗaure takalmi.

Iya ta tsufa ƙwarai, idonta ya dushe, ta daina tatsuniya. Wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce in kira mata Baba. Ya zo ya durƙusa. Ta lalubo kansa ta dafa.

"Idi, maganar nan da na ɗora maka, na sauke. Ka je inda kake so. Ka yafe mini."

Baba ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Inna, babu abin yafewa. Yanzu kuma ina za ni?"

Amma ya gwada. Bayan kwana biyu ya sa babbar riga ya shiga motar Kano. A lokacin Nafi'u ne kocin kulob ɗin nan. Ya karɓe shi hannu biyu, ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya tara 'yan wasa ya ce ga wanda ya mai da shi mutum. Ya roƙe shi ya zauna ya riƙa ba su shawara, har an gyara masa ɗaki. Mun shirya ba za mu gan shi ba sai bayan mako. Kafin a kira magariba sai ga sallamarsa. Ya ce wa Umma, mahaifiyarmu, da rana ta karkata ya kasa zama, ƙafarsa da kanta ta kai shi tasha. Bai sake komawa ba. Iya ta rasu a daminar shekarar, shi kuma ya ci gaba da zuwa ɗan abin da ya rage na filinsa har ya yi ritaya.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar mai fito darasi ce a kan biyayya. Da na yi hankali na zargi Iya a zuciyata, na ce ta ƙirƙire ta ne don ta ƙara ɗaure ɗanta. Yanzu ba na ganin ko ɗaya. Ina ganin tsohuwa ce da ta san abin da take yi wa ɗanta, ba ta da bakin faɗa masa, sai ta riƙa faɗa wa jikoki da ƙarfi yadda zai ji daga zaure. Abin da ba ta sani ba shi ne, mutum idan ya daɗe a riƙe, ko an sake shi ba ya iya tafiya.

Bayan na yi aure na gama karatun ungozoma, aka mayar da maigidana Fatakwal da aiki. A daidai lokacin ɓarin jikin Baba ya shanye. Na ce ba inda za ni, maigidana ya tafi ni in zauna in yi jinya. Baba ya sa aka kira ni. Bakinsa ya karkace, maganar da ƙyar take fita, amma na ji kowace kalma.

"Ummi, uwarki na nan, ƙannenki na nan. Ki bi mijinki."

Na ce, "Baba, Fatakwal fa da nisa."

"Na sani. Shi ya sa. Ki je ki gani, ki bugo waya ki ba ni labari."

Ranar tafiya ya dage sai an sa shi a adaidaita an kai shi tashar Dutse. Na shiga mota na sake fitowa, na durƙusa a gabansa ina kuka, na ce na fasa. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna mini ƙofar motar, ya daka mini tsawa da muryar da yake kora yara kan dutse, har 'yan kamasho suka waiwayo.

"Tashi ki shiga, kada ta tafi ta bar ki!"

Na tashi na shiga.