Ƙugin da Na Ce Ban Ji Ba

Shekara ta biyu da samun mulkin kai aka maido maigidana Yamai daga Damagaram, muka kama haya a Gamkalle kusa da masu garka. Aikinsa karɓar tangaraho ne a biro, wato ofishin waya: ya saurari ƙwas-ƙwas ɗin waya, ya rubuta. Kunnensa ke ci da mu.

Watanmu uku ya fara jin abin. Wani ƙugi ne can ƙasa-ƙasa, kamar babbar mota ta tsaya bayan gida ba a kashe ta ba. Ya fi tsananta in gari ya yi tsit bayan azahar. Sai ya fita ya zagaye unguwa, ya dawo ƙafa duk taɓo.

Kowa da nasa bayani. Wani ya ce injin ba da lantarki ne, wani ya ce kogi ne ke gudu ƙarƙashin ƙasa. Abokinsa malamin asibiti ya ce kinin, maganin zazzaɓi, ya sha da yawa, ya bar sha, ba abin da ya canza. Na ɗiga masa man gyaɗa mai ɗumi, ya sha rubutu har ya gaji. Ina! Barci ya ƙaurace masa, ya fara kuskure a aiki, aka tura shi wajen likita.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba: ni ma ina jinsa. Tun kafin shi ma. Amma ina da ciki, kuma na ga yadda aka yi da wata maƙwabciya da ta ce tana jin abin da ba a ji. Aka ce iskoki ne, aka kira masu gogen bori, mata suka hana ƴaƴansu shiga ɗakinta. Sai na ja bakina.

Likitan, wani Bature, ya ce a zo da ni. Ta bakin tafinta ya ce in akwai wani a gidan da ke ji, to daga waje ne, in kuwa shi kaɗai ne, a kansa yake. Maigida ya juyo, idonsa jawur.

"Ke, don Allah, ko sau ɗaya ba ki taɓa ji ba?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ni ban ji komai ba."

Tir da wannan baki nawa! A lokacin nan ma ƙugin yana cikin kaina.

Aka sallame shi daga aiki. Muka koma gida Damagaram, can ma bai rabu da shi ba. Ya daina yi wa kowa zancen, sai dai in gan shi zaune ya karkata kai. Bai yi shekara huɗu ba ya rasu, yana ganin kansa ne ya taɓu.

Har yau ban san mene ne ba, na kuma daina tambaya. Ina dai jinsa kullum bayan azahar, kuma babu sauran wanda zan ce wa, "Malam, gaskiyarka ce."