Malam Barmo da Katunansa Masu Huji

"Ba ta da ƙauye, Malam. Wanda ba shi da ƙauye, mashin ba ya ɗaukarsa."

"Ni da kai ne masu ƙauye, Mushe. Ita rijiya gare ta, har uku."

"Gurbi ɗaya ne a cikin mashin."

"Sai a ƙara gurbi."

"Je ka Damagaram ka ƙara."

Ina tsaye a wajen. A Tanut ne, shekarar 1987. Mai cewa babu gurbi a mashin ɗin ajiye sunaye Mushe Ibrahim ne, jami'in wani furoje da ya zo raba awaki ga makiyayan da farin 84 ya ƙwace wa dabbobi. Mai gardama da shi Malam Barmo ne, akawun da nake rubutu a kansa yau, don watan nan ya ajiye aiki. Matar da suke magana a kai Fadimata ce, wadda mijinta Rissa ya rasu cikin farin, ya bar mata yara huɗu da igiyoyin raƙuma babu raƙuman.

Tun 1974 Malam Barmo yake buɗe biro, wato ofis, kafin rana ta yi zafi. Ya share tebur da kansa, ya jawo akwatunan katako. Kowane gidan makiyayi yana da kati guda. Gefen katin duk huji ne, kowane huji rijiya ce. In gida yana shayarwa a wata rijiya, sai ya yanke hujinta da almakashi har baki. In aka tambaye shi su wa ke shan ruwa a Tarka da rani, sai ya zura tsinken ƙarfe na ƙafar keke a hujin Tarka, ya ɗaga, ya girgiza. Katunan mutanen Tarka su zubo kan tebur. Mutum ɗaya na iya zubowa a Tarka, ya sake zubowa a Tenhya. Katin bai damu ba.

Wani mai allurar dabbobi ya gaya mini da katunan nan suka riƙa cimma garke a daji. Wani direba ya ce cikin farin, Malam ya zura tsinkensa ya faɗa musu inda za su kai hatsi, suka je suka tarar da mutane kamar an ajiye su. Ranar kasuwar Belbeji ba ya cinikin komai. Zama yake gindin rumfa da almakashi a aljihu, yana tambaya: bana ina kuka sauka?

Da furoje ya sayi ordinata, mashin mai allon gilashi, aka ajiye shi a Damagaram. Ni aka ɗauka in buga sunaye, don na yi kolej. Suna, yawan iyali, ƙauye. In na bar ƙauye babu komai, mashin ya yi ƙara ya tsaya. Aka ce in tsallake. Na tsallake gida ɗari biyu da goma sha ɗaya. Da hannuna.

Doguwar takardar da mashin ya fitar ita aka bi ranar rabo. Fadimata ta wuni a rana ba a kira ta ba. Malam ya fito da katinta ya ɗora a kan takardar, nan rigimar ta tashi. Mushe ya ce, "Zamanin kwali ya wuce, tsoho." Aka kwashe akwatunan aka zuba a magaza, ɗakin ajiya. Fadimata ta ja yaranta ta yi kudu. Ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Malam, kai ne ka rubuta wasiƙa bakwai ba a amsa ko ɗaya ba. Kai ne ba ka taɓa cewa laifina ne ba, alhali ka san wanda ya buga. Mai tsinke, masanin rijiyoyi. Iyakar kirarin da nake da shi ke nan.

Bana aka kawo sabon tsari. Yanzu mashin yana ajiye mutane daban, rijiyoyi daban, ya ƙulla su yadda aka so. Mutum ɗaya, rijiya goma. An yi ta tafi. Abin da almakashi ya yi shekara goma sha biyar da suka wuce. Mushe ya aiko a ɗauko katunan a zuba a ciki. Muka buɗe magaza. Gara ta riga mu.

Na gode, Malam Barmo, ko da godiyata ba ta mayar da akuya ko ɗaya. Ku kuma da za ku zauna gaban mashin bayana, in ya ƙi karɓar mutum, ku tashi ku yi gardama kamar yadda tsohon nan ya yi. Kada ku tsallake.

Ranar sallamarsa an dafa shayi a biro, Mushe ma ya zo, yana ta yabon sabon tsari. Malam ya sa hannu a aljihu ya fito da kati ɗaya, ya yi laushi, huji uku a yanke. Ya ajiye shi kusa da kofin Mushe.

"To, tunda yanzu akwai gurbi," ya ce, "a wace rijiya za mu sa ta?"