Folda Mai Lamba Bakwai

Shekarar da na shiga aji biyu a jami'a a Samaru, Linux, wata babbar manhajar kwamfuta, ta hau mini kai. Duk wanda na gani da kwamfuta sai na yi masa wa'azi. Kawuna, mai shagon buga takardu a Sabon Gari, shi ya biye mini, don bairos mai ɓata kwamfuta ya ishe shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in kula da waƙoƙin Kaka. Kafin ta rasu ya naɗi muryarta a kaset-kaset tana rera waƙoƙin coci, ya juye a kwamfutar shagon, kaset-kaset ɗin kuma yoyon damina ya lalata su a gidansa na Palladan. Na ce kada ya damu. Ko inda suke ban tambaya ba.

Na sa Linux lafiya, kayansa duka suna nan. Sai kwaɗayi ya taso. Shagon yana da intanet na layin waya, ni kuwa ina son manhajar nan da ɗalibai ke musayar waƙoƙi da ita. Ta ƙi shiga. Na je kafen intanet a Samaru, na kwafo umarnin sa ta a bayan takardar lacca, na hau bas na koma. Ta ce sai an fara sa mata wata manhajar. Na sa. Ta nemi wata. Rana ta uku ta ce babu wuri a kwamfutar.

Haushi ya turnuƙe ni. Kawu ba ya sa wa folda suna, lamba yake ba su ya riƙe a ka, kuma ta bakwai ce ta cinye wurin. Na ɗauka tsofaffin takardun kwastomomi ne. Yana zaune a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa, amma girman kai ya hana ni tambaya. Na rubuta umarnin gogewa. A baƙin allon nan da ake rubuta umarni babu kwandon shara, abin da ya tafi ya tafi. Manhajar kuwa ta shiga sumul.

Ranar Lahadi bayan sujada ya nemi waƙoƙin, ya ce suna folda ta bakwai. Na ce ɗauke wutar da aka yi ce ta cinye su. Sai ya sa mini albarka, wai na yi iya ƙoƙarina. Wannan albarkar har yau kunyarta nake ji.

Da Kirsimeti muna cin abinci ya fara rera wata waƙar Kaka, a baiti na biyu ya maƙale. Ya juyo gare ni.

"Ɗana, kai da ka yi kwana uku a kan injin nan, ba ka ji yadda ta ƙarasa ba?"

Ko ɗaya ban taɓa kunnawa ba.