Sikelin Yaya

Ba ni na ƙirƙiri sikelin ba. Yayata ce, 'yar gwaggona, wadda ke koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Djougou. Ta girme ni da shekara shida. Gida ɗaya muka tashi a Zongon Parakou kafin aure ya kai ta can, kuma ita ta fara koya mini jadawalin sau a bakin murhu, tana tuƙa tuwo tana yi mini tambaya.

Na je Djougou sunan 'yarta ta huɗu. Washegarin suna, bayan baƙi sun ragu, ta kira ni ɗaki, jaririya a kafaɗarta, ta buɗe wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif.

"Zo ka gani, kai ma malamin lissafi ne."

Sikeli ne irin na masu awon shinkafa a kasuwa. A hannu ɗaya buhu biyu da ba a san nauyinsu ba da dutsen awo uku, a ɗaya hannun duwatsu tara. Yaro zai ja dutse ya cire. In ya cire daga gefe ɗaya kawai, sikelin ya karkace, sai muryar Yaya ta fito da Faransanci, ko Dendi, ko Hausa, wanda yaro ya zaɓa: "Abin da ka yi wa dama, yi wa hagu." Akwai kuma wagashi, cukun nan na Fulani, da ake yankawa kashi-kashi, da batirin babur da ake haɗa wa waya har fitila ta kama. Hutun makaranta na shekara biyu ta kwashe tana haɗa su, tana koyo a waya, tana gwadawa a kan 'ya'yanta.

Na ce ta ba ni in gwada a ajina. Ba ta ko yi tunani ba, ta zuba mini duka a kile, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta.

Makarantarmu a unguwar Titirou, nan Parakou, tana da majigi guda ɗaya, yana kulle a ofishin darakta ba mai taɓa shi. Na karɓo. Yaran da shekara da shekaru nake fama da su a kan x suka riƙa rige-rigen fitowa su ja dutse. Labari ya kai kunnen darakta, shi kuma ya kai wa sufeton makarantu. Wata Laraba sufeto ya zo ya zauna a bayan aji. Da aka tashi ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malami a nan, "kai ka yi wannan da kanka?"

Muryar a kashe take ranar, don lasifikarmu ta lalace. Darakta yana gefe yana murmushi. Ban ce e ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Ana dai ƙoƙari." Na daɗe ina lallashin kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba.

Abin da na yi bayan haka kuwa ba shi da wani suna. Sufeto ya ce zan nuna wa malaman lissafi na Parakou a taronsu. Ranar Asabar da hantsi na zauna a gida na share shafin farko, inda Yaya ta rubuta sunanta da ƙananan baƙaƙe. Na cire muryarta, na ɗauki tawa na sa, da Faransanci kaɗai, don Dendina ba ya da kyau. Matata ta shigo da kwanon sakwara ta ji ina maimaita "abin da ka yi wa dama," ta tsaya.

"Ba maganar Yaya ba ce wannan?"

Na ce muryarta ba ta fita sosai a lasifika. Ta ajiye kwanon ta fita.

Taron ya yi kyau, aka tafa mini. Na yi niyyar kiran Yaya in gaya mata, sai na ce bari abin ya lafa tukuna. Bai lafa ba. Wata uku bayan haka aka ba ni takarda: zan je in horar da malamai kwana biyu a Djougou.

Duk tsawon hanyar nan ina kallon gonakin kashu ina shirya abin da zan ce mata. Na sauka tasha ban je gidanta ba, na hau zem, wato ɗan acaɓa, kai tsaye zuwa wurin taro, ina fatan ba ta cikin waɗanda aka gayyato. Tana layi na uku, da farin hijabi da littafin rubutu a cinya. Mai gabatarwa ya kira sunana ya ce ga matashin da ya ƙirƙiro sabuwar hanyar koyar da lissafi. Yaya ta tafa tare da kowa.

Na kunna majigi. Sikelinta ya fito a bango, muryata ta fito daga bakinsa. Ban kalli layi na uku ba.

Ana cikin haka wani dattijon malami ya ɗaga hannu. Ya ce duwatsun nan duk ƙari ne, to in lissafin ya zo da ragi fa, buhu biyu a cire uku? Ban sani ba. Ban taɓa zuwa wurin ba a ajina. Na danna nan, na danna can, gumi ya jiƙe mini riga. 

"Mushe," in ji Yaya da Faransanci, kamar ba ta taɓa ganina ba, "ina jin in ka danna kusurwar sama sau biyu, wani abu zai fito."

Na danna. Balan-balan suka fito, masu ɗaga hannun sikeli sama, su ne ragin. Dattijon ya yi dariya ya ce wallahi yaron nan ya yi tunani. Aka sake tafawa.

Da aka tashi cin abinci ta same ni a gindin mangwaro. Ta koma Hausa.

"Ka zo gari ba ka sauka gida ba? Me zan ce wa maigidan?"

"Yaya, ni..."

"Ga shi ka cire Dendin," ta ce. "Yaran ƙauyukan nan da shi suke ganewa. Wanda ka raba wa malamai yau, ba zai yi wa rabin ajinsu amfani ba. Wannan ne ya ɓata mini rai."

"Sunanki fa? Na share."

"Na gani." Ta gyara hijabinta. "Ina da ido. Ka zo gida ka ci abinci."

Na je. Ta zuba mini sakwara da miyar gyaɗa, ta ba ni jaririyar na riƙe, ta tambayi lafiyar Inna, mahaifiyata, da ƙafarta. Mijinta yana ta yi mini barka, yana cewa ya ji an yabe ni. Ba ta gyara masa ba. Loma uku na iya haɗiyewa.

Washegari, kafin a fara, na so in tsaya gaban malaman in faɗi gaskiya. Na riƙe abin magana, na ga sufeton Djougou a kujerar gaba, sai na ce mu ci gaba daga inda muka tsaya jiya. Iyakar abin da na yi shi ne na karɓi ainihin nata na raba musu, mai harshe uku, na ce wata 'yar'uwa ce ta taimaka da murya. Ba wanda ya lura da ɗan sunanta a shafin farko.

Sai da na koma Parakou da mako biyu na rubuta wa sufetonmu takarda na bayyana komai. Ya kira ni ofis, ya karanta a gabana, ya ce to ai duk aikin yara ne, kuma gida ɗaya ne, ya sa takardar a aljihun tebur. Na mayar da sunanta a shafin farko na tura wa duk wanda nake da lambarsa. Amma wancan na farko ya riga ya bi wayoyi da kile-kile ya yaɗu, ba mai iya kamo shi. Da na gaya wa Yaya abin da na yi, ta ce, "Allah ya yi albarka," ta shiga wata maganar. Har yau muna zumunci, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba ta kuma gaya wa Inna ba.

Watan jiya wani sabon malami ya tare ni a bakin masallaci a Albarika. Ya ce tun yana makarantar horon malamai yake jin labarina, da abina yake koyarwa. Na ce masa ba nawa ba ne, na yayata ne, tana Djougou, ni kwafa kawai na yi na sa muryata. Ya yi dariya ya girgiza kai, ya ce manya dai akwai tawali'u. Na sake faɗa masa. Ya ce to, ya ji, ya sa takalmansa ya tafi.