Atamfar da Inna ta raba biyu

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon malamin firamare a Paki, akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ta yi ciwon kuturta. Ta sha magani ta warke, har malamin asibiti ya sallame ta, sai dai yatsunta sun riga sun gutsure. Mutane suka ce atafau ba za ta taɓa gugan rijiya ba. Sai ta tsaya nesa da tulunta, in an ga dama a zuba mata, in ba a ga dama ba ta koma haka nan.

Mahaifiyata ungozoma ce, ga ta da kafiya. Rannan ta kamo hannun matar har bakin rijiya, ta sa ta jawo ruwa da kanta, sannan ta kafa kai a gugan ta sha. Aka yi ta tsegumi. Wasu gidaje suka daina kiran ta karɓar haihuwa, ita kuma matar, in ba Inna a wurin, korar ta ake yi.

Labari ya kai Ikara, garin hakimi. Da aka shirya taron karrama waɗanda suka tsaya wa marasa gata, aka aiko wa Inna ta je. Ta ce ƙafarta ƙafar matar nan. Ni kuwa na aro babbar riga na kafa hula, sai ka ce ni za a karrama.

A ƙofar hakimi, dogari ya tare matar, ya nuna mata gindin wata tsamiya can gefe. Da aka kira Inna, hakimi na riƙe da turmin atamfa, ta durƙusa ta kwashi gaisuwa, amma ta ƙi miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe, na gode," in ji ta. "Amma ga wadda aka yi abin dominta can an ware ta. A sa mata a hannu, ita ta miƙo mini."

Ni kuwa har na fara tunanin me zan ce wa mai riga in aka kulle mu.

Hakimi ya dubi Inna. Can ya miƙe, ya taka da ƙafarsa har gindin tsamiyar, ya ɗora atamfar a tafin matar. "Baiwar Allah, kai wa 'yar'uwarki," ya ce. Ta rungumo ta a ƙirji, ta ratso tsakiyar jama'a tana hawaye.

Na halarci tarukan karramawa da yawa daga baya, ana raba lambobi ana tafi, amma ban taɓa jin alfahari irin na ranar nan ba. Har gobe in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

Da muka koma gida, Inna ta raba atamfar biyu. Washegari suka ɗauro ta iri ɗaya suka nufi rijiya. Mata suka matsa, aka miƙa wa matar guga. Har ta bar duniya, da hannunta take jan ruwanta.